Kafin A Ƙara Wa Mota Dawaki, A Fara Nemo Waɗanda Suka Ɓata

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin samarin Arewa masu neman abinci a Ikko da Badun da Fatakwal da sauran garuruwan Kurmi. Da zarar Allah ya buɗa wa yaro, ko a wajen canji, ko a kara, ko a kasuwar gwari, ko wajen sayar da waya, sai ya nemi ƙaramar motar nan ta gudu 'yar tokumbo, watau irin su Golf GTI da Toyota 86 da BMW mai ƙofa biyu. Sayen dai ba laifi ba ne, kowa da abin da ransa ke so, kuma mutanen da suka gaji hawan doki da sukuwa ba abin mamaki ba ne don 'ya'yansu sun ƙaunaci abin hawa mai zafin nama.

Abin dubawa shi ne abin da kan biyo baya. Mota ba za ta yi wata guda a hannu ba sai abokai su fara zuga, a ce a kai ta gareji a ƙara mata ƙarfi. Nan da nan sai a fasa salansa, a cire matatar iska, a kafa fiffike a bayan but, a manna takardu masu rubutu a jiki. Mota ta fito tana ruri kamar zaki, mai ita yana murna, alhali kuwa in da za a auna ta sai a tarar ƙarfinta raguwa ya yi. Kuɗin da aka tara da gumi, wanda iyaye da iyali ke zuba ido a kansa daga gida, ya tafi wajen sayen ƙara.

Gaskiyar magana ita ce ana iya ƙara wa mota ƙarfi da kuɗi kaɗan, amma abin yana da tsari, kuma wanda ya fara daga ƙarshe shi ne kan yi asara.

MENE NE ƘARFIN DOKI?

Wani Bature mutumin Sikotilan mai suna James Watt, wanda ya inganta injin tururi, shi ne ya fito da wannan ma'auni a wajajen shekarar 1780, don ya nuna wa masu ma'adinai da masana'antu yawan dawakin da injinsa zai maye gurbinsu. Ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga nauyin kilo 75, watau buhun shinkafa ɗaya da rabi, tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya. Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo, da aka fara harhaɗa ta a Kaduna a 1975, ƙarfinta bai cika doki 100 ba, amma da irin ta aka ci tseren Safari na Gabashin Afirka a wannan shekarar. Ashe ke nan yawan dawaki ba shi kaɗai ke kai mota gaba ba.

Injin fetur kuwa abu uku yake bukata: iska, da mai, da wuta. Kowane kilo ɗaya na fetur yana bukatar kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone sarai, watau lita ɗaya na mai yana cin iska wajen lita 9,000. Saboda haka injin da ya fi shaƙar iska, ya kuma fi fitar da hayaƙi cikin sauƙi, shi ya fi ƙarfi. Duk wata dabara ta ƙara ƙarfi a kan wannan take tafiya. Direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Kudu da Arewa sun san haka ko da ba su karanta ba: motar da ke tashi kamar tsuntsu a Ikko, inda ƙasa ke daidai da teku, in ta hau Jos, mai tudun mita 1,200, sai ta yi nauyi. Iskar can ba ta da kauri, kuma injin da ba shi da turbo yakan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300.

DAWAKIN DA SUKA ƁATA

Motar tokumbo da aka rubuta mata doki 200 a takarda, a ranar da ta fito daga masana'anta aka rubuta. Bayan shekara goma sha biyar a titunan Amurka ko Jamus, da watanni a jirgin ruwa da tashar Apapa, da wuya a ce dawakin nan suna nan cif. Waɗansu sun maƙale a tsofaffin filogi, waɗansu a matatar iska da ta toshe da ƙura, waɗansu a injekta da ta yi datti, waɗansu a baƙin man da ya daɗe ba a yi juye ba. To, dawakin da suka fi araha a duniya su ne waɗannan, domin mai mota ya riga ya biya kuɗinsu tun ran da ya saye ta. Nemo su kawai zai yi.

Matakin farko shi ne a sa wa motar na'urar bincike. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta wa kowace ƙaramar mota ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake jona na'urar, Turai ma ta bi sahu a 2001. Cikin minti biyar na'urar za ta faɗi sansar da ta mutu da silindar da ba ta kama wuta sosai. Daga nan sai a sa filogi irin wanda kamfanin motar ya ce, a canza matatar iska da ta mai, a yi juye da man da ya dace, a duba bel ɗin da ke riƙe da lokacin inji, wanda in ya tsinke cikin gudu injin ne zai buga gaba ɗaya.

A ɗauki Golf GTI ƙirar da ta fito a 2004, mai injin lita 2 da turbo, mai doki 200, wadda ba ta wuyar samu a Nijeriya. Masu sanin wannan inji sun san wuraren da yake ciwo. Akwai kwayil ɗin da ke kai wa filogi wuta, yakan mutu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani ɗan bawul na turbo mai roba a ciki, in robar ta yage sai iskar da turbo ta matso ta riƙa zurarewa, mota ta yi sanyi ba a san dalili ba. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe kamar murfin kwalba da ke ƙarƙashin famfon mai, wanda kan cinye a hankali, in ba a canza shi ba ya ɓata kamshaf. Daɗin daɗawa, da yake injin yana fesa mai kai tsaye cikin silinda, baƙin gawayi yakan taru a bayan bawul ɗin shaƙar iska har ya rage hanya. Duk waɗannan gyare-gyare ne masu sauƙin kuɗi in an gwada da kuɗin sabon inji, kuma wanda ya yi su zai ji motarsa ta canza tun kafin ya sayi kayan ƙawa ko ɗaya.

Akwai kuma waɗansu al'adu biyu na garejin Nijeriya da ya kamata mai irin wannan mota ya guje musu. Na farko shi ne cire tamostat da haɗa fankar lagireto kai tsaye, wai don ƙasar nan akwai zafi. Injin zamani an yi shi ne ya yi aiki a zafin da ya kai wajen digiri 90. In ya kasa kai wa nan sai ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta ƙara mai, a sha fetur a banza, ring da fistin su yi ta cinyewa. Motar da ke zafi lagiretonta za a wanke, ko a duba famfon ruwa. Na biyun shi ne fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda a Ikko ake kira "indomi" saboda cikinta ya yi kama da taliyar. Sau da yawa mai ba da shawarar a cire ta ya san abin da ke ciki, domin akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, kuma akwai masu saye. Tukunyar da ke da lafiya ba ta tauye wani ƙarfin a zo a gani. In an cire ta fitilar gargaɗi za ta kama, hayaƙi mai guba kuma ya koma hancin mai mota da na 'yan talla da ke bakin titi. In ta toshe da gaske, sai a sa wata.

ISKA DA SALANSA

Bayan mota ta dawo hayyacinta, sannan ne za a yi maganar ƙari. Abin da aka fi farawa da shi shi ne matatar iska mai faɗin hanya da bututun da ke jawo iska mai sanyi. Dabarar gaskiya ce, domin iska in ta ƙara zafi da digiri 10 kaurinta yakan ragu da kusan kashi 3 cikin 100. Amma ribar kaɗan ce, 'yan dawaki ne da ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba, kuma akwai tarko iri uku.

Tarkon farko shi ne matatar nan mai siffar mazurari da samari ke ɗaurawa a fili cikin ɗakin inji. Tana ba da ƙara mai daɗin ji, amma iskar da take shaƙa ita ce mai zafin da ta taso daga jikin inji, a cunkoson Oshodi kuwa zafin ba a magana. Akwatin da kamfani ya sa, wanda aka cire aka jefar, daga waje yake jawo iska. Na biyu shi ne bututun da ake saukarwa ƙasa kusa da bamba don neman sanyi. Wannan ya dace da ƙasashen da magudanansu ke aiki. A Ikko da Fatakwal, inda ruwan sama na awa biyu kan mai da titi kogi, bututun zai zuƙi ruwa ya kai cikin silinda. Ruwa kuwa ba ya matsuwa kamar iska, nan take sandar fistin za ta lanƙwashe, inji ya tashi daga aiki. Na uku ya shafi masu zuwa gida lokacin hunturu: matatar da ta fi barin iska ta wuce ta fi barin ƙura ma ta wuce, ƙurar hunturun Kano da Sakkwato kuwa gari ce mai cin ƙarfe. Ga wanda ke bin hanyar Arewa, matatar takarda ta asali wadda ake canzawa a kan kari ta fi masa alheri.

Salansa ma haka. Bututu mai ɗan faɗi, mai lanƙwasa sumul, daga bayan tukunyar tace hayaƙi zuwa ƙarshe, yana taimakon inji ya numfasa, musamman mai turbo. Amma bututun da ya yi faɗi fiye da kima a kan ƙaramin inji yakan rage masa ƙarfin tashi, watau ƙarfin da ake bukata a cikin gari. Yanke tukunyar salansa da mai walda ke yi kuwa ba abin da yake ƙarawa sai fushin maƙwabta. Baƙo a garin mutane, wanda ke zaune lafiya da masu gida a Agege ko Idi-Araba ko Sabo, bai kamata ya zama shi ne mai tada unguwa da tsakar dare ba.

TAƁA ƘWAƘWALWAR MOTA

Inda ake samun ƙari mai yawa da kuɗi matsakaici shi ne sauya lissafin kwamfutar da ke sarrafa inji, wadda bakanikai ke kira ƙwaƙwalwa. Amma ba kowace mota ke amfana ba. Toyota 86, wadda ta fito a 2012, da Golf GTI da aka ambata, dukansu injin lita 2 ne, dukansu doki 200. Ita Toyota ba ta da turbo, iskar da yanayi ya ba ta ita take shaƙa, don haka ko an taɓa ƙwaƙwalwarta abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Ita kuwa Golf, da yake turbo ke tura mata iska, in aka umarci turbon ya ƙara matsawa sai ƙarfi ya tashi. Kamfanonin da ke wannan sana'a a Turai suna tallar ƙarin doki 40 zuwa 50 a kan wannan inji ba tare da an kwance ƙusa ko ɗaya ba.

To, a nan ne fa gizo ke saƙa. Wancan lissafi an yi shi ne a kan fetur mai lamba 98, ko aƙalla 95, irin wanda ake sayarwa a gidajen man Turai. Lambar nan tana nuna yadda mai ke jure matsi ba tare da ya kama wuta da kansa ba. Ma'aunin fetur ɗin Nijeriya wajen 91 ya tsaya, kuma gidan mai ba ya ba mutum zaɓi. In aka ƙara matsi a kan man da ba zai jure ba, sai ya riƙa fashewa kafin filogi ya ba shi wuta. Da farko sansa za ta ji, ƙwaƙwalwa ta ja da baya, ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa ya gudu. In abin ya yi yawa, fistin ya tsage ko ya narke. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Beljiyam, motoci suka lalace a Ikko da Abuja, aka yi makonni ana layin mai. Injin da aka matsa wa lamba shi ne na farkon faɗuwa a irin wannan rana.

Saboda haka wanda zai taɓa ƙwaƙwalwa ya nemi gwani wanda zai yi lissafi daidai da man ƙasar nan, ya gwada motar kafin aiki da bayan aiki, ya kuma ajiye masa lissafin asali don a iya mayarwa. Ya kuma sani cewa kuloci da giya da turbo duk za su ɗauki nauyin da ba a yi su dominsa ba, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023, kowane doki da aka ƙara sai an ciyar da shi da tsada. Wanda ya sauko da lissafi daga intanet ya ɗura wa mota a bakin titi, garin neman gira zai rasa ido.

KAYAN 'YAN DAMFARA

Akwai kayan da ba su cancanci ko sisi ba. Akwai ɗan akwati mai fitilu da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari wai yana ƙara ƙarfi da kashi 30, an sha buɗe irinsa a tarar ba komai ciki sai abin kunna fitilar. Akwai 'yar fanka mai aiki da batir da ake sa wa a bututun iska a ce turbo ce, alhali tare hanya take yi. Akwai maganaɗisun da ake ɗaura wa bututun mai, da ƙwayoyin da ake jefawa a tanki. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada na'urori fiye da 100 da aka ce suna rage shan mai, ba ta sami wadda ta yi abin kirki ba. Da akwai ƙarfen naira dubu biyar da zai ba mota doki talatin, da injiniyoyin Volkswagen da Toyota sun sa shi tun a masana'anta. Araha dai ba ta ado.

Abin da ke aiki kuma kyauta ne shi ne rage kaya. Golf GTI ta farko, ta 1976, doki 110 gare ta, amma nauyinta kilo 810 ne kacal. Ta 2004 ta kusa ninka ta a dawaki, amma da yake ta haura kilo 1,300, in aka raba ƙarfi da nauyi tazarar da ke tsakaninsu kaɗan ce. A motar da ke da wannan nauyi da doki 200, sauke kilo 50 daidai yake da ƙara doki 7 ko 8 wajen tashi. Manyan akwatunan kiɗa da ke cike da but, da manyan wili masu nauyi da siririyar taya wadda ramin farko zai fasa, duk dawaki suke ci.

DOKI SAI DA LINZAMI

Duk wanda ya san doki ya san ba a hawan ingarma da ruɓaɓɓen linzami. Linzamin mota shi ne birki da taya, kuma hankali ya nuna a fara kashe kuɗi a kansu kafin inji. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 28 a kowace daƙiƙa. In gudun ya kai 140, nisan da za ta yi kafin birki ya tsai da ita ya kusa ninkawa, in gudu ya ninka kuwa nisan sau huɗu zai zama. Ga shi kuma ƙarin ƙarfi ba ya ƙara gudu yadda ake zato: ƙarin kashi 10 cikin 100 na dawaki kusan kashi 3 kawai yake ƙarawa a ƙarshen gudun mota, saboda iskar da take turewa.

A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Tayar da ta haura shekara shida abar tuhuma ce ko da zanenta bai goge ba, tayar tokumbo da aka yi don ƙanƙara kuwa ba ta da abin yi a kwaltar Lakwaja da rana tsaka. Man birki yana shan raɓa, a damshin Kurmi kuwa abin ya fi sauri, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, in ba haka ba sai ya tafasa a gangara, ƙafa ta nutse har ƙasa. Taya mai kyau, da takalmin birki na asali, da shokazoba mai rai, su ke sa mota ta yi biyayya a kwana, kuma su ke sa ƙarfin injin ya isa ƙasa maimakon ya tafi a hayaƙin taya.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya irin ta Ikko zuwa Badun. Golf GTI ta 2004 da Toyota 86 suna ninka wannan tun yadda suka fito daga masana'anta. Masu cewa ƙarfi yana da amfani wajen wuce tirela suna da gaskiyarsu, amma motar da ke da lafiya da dawakinta 200 ta wadatar da wannan bukata har da saura. Sukuwa ma a filin sukuwa ake yin ta, ba a tsakiyar kasuwa ba, wanda ke son gwada gudu ya nemi killataccen wuri inda ba ɗan makaranta ba mai tura baro.

Shawara ga samari ita ce su bi abin daki-daki: bincike da gyara tukuna, sai taya da birki, sai rage kaya, sai iska da salansa ga mai sauran kuɗi, ƙwaƙwalwa kuwa a ƙarshe, ga mai turbo kaɗai, a hannun gwani kaɗai. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa a zango-zango su ma suna da abin faɗa, domin su ake tasa da dare in abu ya faru, su ke neman motar da za ta kai gawa gida. Masu shirin tafiya Salla kuma su tuna ba a fafe gora ranar tafiya: aikin da za a yi wa mota a gama shi da makonni, a gwada ta a cikin gari, kafin a ɗora ta a hanyar kilomita dubu. Mutanen gida mai motar suke jira, ko da ƙarfe nawa zai iso. Allah ya kiyaye hanya, amin.